Tumfafiyar da Na Shuka a Baranda

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata surorin da nake salla da su. Autata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, in kuma kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira, ba sai ta yi ta ba ni haƙuri ba. Haƙuri an ba ni wanda zai ishi gari guda.

Mai gidana ya rasu ana haramar yankan dawa. In kaka ta shigo bana, shekararsa biyu ke nan a ƙasa. Mun haura shekara arba'in tare a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, gida ɗaya, gona ɗaya. Da na fita takaba yaran suka taru suka ce ba za su bar ni ni kaɗai ba, ga hawan jini, ga gwiwa. Auta tana aikin jinya a wani asibiti a nan Dubai, mijinta kuma yana loda kayan gyaran mota zuwa gida. Ita ta fi 'yan'uwanta baki, ita ta ci. Aka yi mini takardu, na dangwala yatsa, aka sa ni a jirgi.

Gidansu a Karama yake, hawa na biyu a wani tsohon bene. Ɗaki biyu ne da falo, sai baranda wadda tabarma ɗaya ta cika ta. A ƙasa akwai tela, da mai shayi, da wani mai gasa burodi a tanderu. Ba a rage ni da komai ba, wannan a rubuta. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Surukina har yau bai yarda mun haɗa ido ba.

Abin da ya same ni na daɗe ban faɗa wa kowa ba. A gida, lokacin takaba, ko'ina na waiga ina ganin mai gidana: a bakin rumbu yana gyaran jinka, a kan buzunsa, a gindin darbejiyar ƙofar gida yana sassaƙa ƙotar fartanya. Nan kuwa babu inda ya taɓa zama, babu bangon da ya taɓa jingina da shi. Ban yi wata uku da zuwa ba na wayi gari na nemi fuskarsa na rasa. Ina ganin hularsa. Ina ganin wuyan rigarsa da na sha ɗinkewa, har fason dugadugansa ina gani. Amma tsakanin hula da wuyan riga babu komai, kamar an sa tsumma an goge. Na runtse ido na matse, na yi addu'a, na riƙa kwanciya da rana ko zan yi mafarkinsa. Shiru.

Auta tana da hotonsa a waya, na katin zaɓe. Ya zare ido ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Na ce ta ɗauke. Wannan ba mutumin da na aura ba ne, wani ne da ya ji tsoron mai hoto.

Ga garin kuma ba ya gaya wa mutum inda shekara ta kai. Ba hadari, ba ƙamshin ƙasa, ba kukan kwaɗi. Zafi ne kawai ke ƙaruwa har a daina fita, a rufe tagogi a kunna na'urar sanyi, mutum ya zauna kamar nama a firji. Sai in tambayi auta, an yi shuka a gida? An gama noman firi? Ta kira yayanta ta ce an gama. Damina guda ta wuce ni a bakin mutane.

Wata safiya, zafin ya fara ɗan sassautawa, daidai lokacin da a gida marka ke ƙarewa ana gasa sabuwar masara, surukina ya ɗauke ni zuwa awon jini. A hanya aka kira shi a kan wata kwantena da ake lodawa. Ya ce, "Inna, a yi mini haƙuri, zan ɗan biya ta Ras Al Khor. Minti goma, in sha Allahu." Unguwa ce ta ma'ajiyar kaya da wuraren gyaran mota, ba gidajen zama, sai dogayen rumfunan kwano da manyan motoci. Ya tsaya a bayan wata katanga, ya bar mini motar a kunne saboda sanyi, ya shige.

Minti goman ɗan kasuwa kowa ya san shi. Ina zaune ina jan carbi, sai idona ya sauka a kan wani fili a gefen katangar, yashi ne da tsofaffin tayoyi. A tsakiyarsu ga wani tsiro mai faffaɗan ganye toka-toka. Na goge gilashin da bakin mayafi. Na ce a'a, ba dai ita ba.

Tumfafiya ce. Ita ɗin dai, ta bakin hanya da bayan gari, wadda akuya ma ke wucewa, da furenta fari mai shunayya a baki, da 'ya'yanta masu iska a ciki da muke takawa muna yara su fashe. Ban san lokacin da na gano yadda ake buɗe ƙofar motar ba. Zafi ya mare ni kamar na leƙa tanderu. Na dafa mota, na dafa katanga, har na isa.

Su uku ne a kanta. Malam-buɗe-littafi, irin ruwan goron nan mai baƙi a bakin fiffike da ɗigon fari kamar na zabo. Su ba sa garaje irin na sauran, shawagi suke yi a hankali kamar ba mai iya taɓa su. Ɗaya ya sauka a kan fure daidai fuskata, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe.

Sai ga mai gidana. Yana zaune a kan iyakar gonarmu ta tudu, inda wata tumfafiya take, ƙwaryar fura a gwiwarsa. Tun da yara suka watse ni nake kai masa abinci gona. Ranar santsi ne ya kwashe ni a tsakanin kunyoyi, na zauna daɓas a laka, amma ban bari furar ta zube ba. Shi ne yake mini dariya, fura a gashin bakinsa, giɓinsa na gefe a waje, idanun sun shige ciki, irin waɗannan ruwan goron suna yawo a bayan kansa. Na gan shi sarai, har jijiyar goshinsa. Malam-buɗe-littafin ya tashi ya haura katanga, fuskar ta bi shi.

"Inna! Subhanallahi, Inna, rana za ta kayar da ke!"

Surukina ne a guje, takardu a hannu. Ya tarar da ni ina kuka ina tsinkar 'ya'yan tumfafiyar da suka bushe suka tsage, ina ƙullewa a bakin mayafi. Ya dubi ƙasa ya ce, "Inna, ai tumfafiya ce."

Na ce, "Na riga ka saninta."

Ranar jinina ya hau har likita ta yi masa faɗa, shi da ba ruwansa.

Dabarata ba ta da wuya. Inda tumfafiya take nan suke zuwa, in sun zo kuma shi ma zai zo. Tunda ba za a riƙa kai tsohuwa bayan gareji kullum ba, sai in kawo tumfafiyar baranda.

Auta ta sayo mini ƙasa a leda, baƙa wuluk, mai laushi kamar dussa. Na cire audugar da ke jikin irin na shuka. Suka tsiro, suka ruɓe. Na ce ai dama, tumfafiya ba 'yar gata ba ce, wa ya taɓa yi mata taki? Surukina ya ɗebo mini yashin filin nan a bokitin fenti, ya hau da shi bene da kansa, bai tambaye ni dalili ba. Ruwa kuwa wanda na'urar sanyi ke ɗigarwa nake tarawa a roba, in ba ta kaɗan-kaɗan. Biyar suka fito, ɗaya ta rayu.

Surukina yana da gwaggo, Bakanuwa, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ko da yake ba ta yarda. Duk bayan 'yan watanni takan zo sarin jakunkuna da takalma a kasuwar Naif, ta sauka a wurinmu, mu haɗa ɗaki. Ranar da ta fara leƙa barandar sai ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Zazzagawa ba ku da dama. Mutane na zuwa Dubai sayen gwal, ke kin zo noman tumfafiya?"

Na ce, "Ke dai Bakanuwa, da za ki samu mai saye da tuni kin tumɓuke ta kin cusa a kwantena."

"Wallahi da na cusa. In ce maganin sanyin ƙashi ne daga ƙasar Larabawa, ki ga layi." Ta dafa kafaɗata. "Yalla, tashi ki raka ni kasuwa ki ga duniya, ki bar ciyawar bayan gari."

"Je ki da duniyarki. Akwatinki ma ya ishe ni kallo."

Ita kaɗai ke sa ni dariya a garin nan, amma ita ma ban gaya mata don me na yi shukar ba. Ina jin kunyar a ce mace ta manta fuskar mijinta tun ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba.

Ɗan sanyinsu ya zo ya wuce, zafi ya dawo. Furannin da maƙwabta suka jera a barandarsu duk suka ƙone, tawa kuwa sai ƙara faɗi take, har ta kai mini ƙirji. Auta tana ta gargaɗi kada nononta ya shigar mini ido, kamar ita ta fara gaya mini. Da shekara ta zagayo, zafi ya sake fara sassautawa, ta yi fure.

Na koma zaman baranda. Daga sallar asuba har rana ta kore ni ina kan kujerar roba. Wata mata a benen da ke kallon namu, ban san ƙasarsu ba, takan fito shanya ta ɗaga mini hannu in ɗaga mata. A zaman nan na gane ashe garin ba fayau yake ba. Akwai wasu malam-buɗe-littafi farare ƙanana da ke wucewa bibbiyu suna kokawa a iska. Akwai wani ɗan mitsitsi shuɗi, bai kai farcen babban yatsa ba, sai ka rantse ɓawon fenti ne ya ɓalle. Sau ɗaya wani babba, baƙi da ruwan ɗorawa, ya taso daga bishiyar lemon tsami ta harabar masallaci, ya leƙo ya koma. A gida irin fararen nan da rawaya ne ke taruwa a bakin kududdufi bayan ruwa ya ɗauke, su rufe laka, in saniya ta nufo su tashi gaba ɗaya kamar an sheƙe ƙaiƙayi. Na yi musu marhabin duka, amma ba su zo mini da komai ba.

Ranar wata Talata ruwan goron ya zo. Ya zagaya bokitin sau biyu. Bai kula furen ba, sai ya riƙa sauka a bakin ganye yana lanƙwasa gindinsa ƙarƙashi, ya tashi ya koma wani ganyen. Na ɗauke numfashi. Bakin mai gidana ya fara fitowa, da giɓin, da furar, saura idanu, sai wani mai babur ya danna hon a ƙasa. Ruwan goron ya tashi. Kwana uku a jere yana zuwa, kullum in samu ɗan wani abu, yau kunne, gobe goshi, ban taɓa haɗa shi duka ba. A rana ta huɗu bai zo ba.

Bayan kamar mako na ga huji a ganye. Na juya shi, ga tsutsa, mai zanen baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahoni gaba da baya, tana ci ba ko kunya. Na juya wani, ga biyu. Raina ya ɓaci. Shekara guda ina renon abin nan da ruwan roba, baƙon da nake jira ya fara zuwa, sannan wata banza ta zo ta cinye masa masauki?

Matar manomi ba a koya mata abin da ake yi wa tsutsa. Haka muke yi wa wake, haka muke yi wa rama da kuɓewar bayan ɗaki: a tsince, a barbaɗa toka. Toka kuwa ina da ita, ta kaskon turaren wutar auta. Kullum da safe in bi ganyen ɗaya-ɗaya ina juyawa, in tsince su in zuba a gwangwanin tumatir, in kwara musu ruwan zafi. Har wasu 'yan ƙwayoyi farare da na gani manne a ƙarƙashin ganye, ba su kai ƙwayar gero ba, na bi su da farce na murje. Mako biyu ina wannan aikin, kuma na yi shi da kyau. Tumfafiya ta tsaya tas, ba huji ko ɗaya a sabon ganye. Na ce to, na share maka gida, sai ka zo. Bai zo ba.

Ana haka gwaggo ta sake sauka. Wata safiya ina kwashe shanya, sai na ga wani abu yana reto a ƙarƙashin ƙarfen da muke shanyar a kai. Ɗan kore ne shar, sumul, bai kai ƙwallon dabino ba, da ɗigon ruwan gwal a jere a wuyansa. Gwaggo takan dawo daga Naif da samfurin 'yan kunne da sarƙa ta watsar ko'ina, har a banɗaki na taɓa tsintar mata. Na kama shi na fizge, na ji ya ɗan yi gardama kafin ya rabu da ƙarfen.

Na ce, "Ke Bakanuwa, ga hajarki kina zubarwa, anjima ki ce Bazazzagiya ta sace."

Ta karɓa ta juya shi a tafin hannu, ta kai kusa da ido. "Wannan ba nawa ba ne. Amma aikin ya yi kyau, ina maratayinsa? La ilaha! Motsi yake!"

Ta yi jifa da shi, ya faɗa kan darduma.

Auta ta shigo ke nan daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba. Ta durƙusa ta ɗauke shi da takarda, ta ɗauki hotonsa a waya, ta yi ta dannawa. Na ga fuskarta ta canza. Ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, kalli nan."

A cikin wayar ga tsutsata, ita ɗin dai, da zanenta da ƙahoninta. Ta rataye kai ƙasa, fatarta ta tsage, ta koma ɗan koren nan mai gwal. Sai koren ya yi duhu, ya fashe, wani abu jiƙaƙƙe ya fito ya rataya, ya yi ta miƙa har ya buɗe. Ruwan goro ne, da baƙinsa, da ɗigon zabonsa.

Auta ta ce, "Tsutsar ita ce shi, Inna. Wanda ya zo kwana ukun nan mace ce, ƙwai ta zo sakawa. 'Ya'yansu ganyen tumfafiya suke ci."

Na ce ta mayar mini farko. Ta mayar. Na ce ta sake. Sau uku na kalla, sannan na tashi na leƙa baranda. Gwangwanin tumatir yana nan a gindin bokiti, inda na wanke shi na kife don aikin gobe.

A nan wata magana ta faɗo mini. Duk maƙwabtan gonarmu sukan sare tumfafiya in an zo sharar gona, mai gidana kuwa ya bar tasa a kan iyaka, a yi ta yi masa tsiya wai kiwonta yake. Wata rana ina jiran ya gama cin abinci na ga irin tsutsar nan a ganye, na kaɗo ta ƙasa na ɗaga takalmi. Ya ce, "Bar ta, ba abincinmu take ci ba. Tana da inda za ta." Ya sa kara ya ɗauke ta ya mayar. Na ɗauka taushin zuciyarsa ne kawai, mutumin da ko kaza sai ya kira maƙwabci ya yanka masa. Na ce, "Ina za ta, Makka?" Ya yi dariya bai amsa ba, ni kuma ban sake tambaya ba. Ashe ya sani. Yana zaune shi kaɗai a gona yana kallon abin nan shekara da shekaru, ya san farkonsa da ƙarshensa, ni ina gefensa ina tunanin ko gishiri ya ji a miya. Me kuma ya sani da ban tambaya ba? Wa zan tambaya yanzu?

Kukan da na yi ranar ya fi na ranar da aka fita da shi. A cikin kukan na gaya musu komai, da fuskar da ta ɓace mini, da filin bayan gareji, da dalilin bokitin. Auta ta yi ta cewa, "Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?" Da na lafa gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ke da kika bi su da hannu ɗaya-ɗaya ai kin yi musu mutunci. Ni ce, da fiya-fiya zan yi musu wanka har tumfafiyar ta bi su. Khalas, shi ke nan, share hawayenki, ga ɗaya nan Allah ya ɓoye miki a ƙarƙashin shanya." Ta matso kusa da ni ta ce, "Nawa marigayin ma sai na daɗe ina lalube kafin in samo hancinsa. Kuma hancin nan ba ƙarami ba ne."

Surukina da ya ji labari, washegari ya biya ta filin nan ko zai samo mini wasu tsutsotsin. Da ya dawo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, an share wurin, gini za a yi." Ya rage sai ɗan koren nan ke nan.

Auta ta nemo zare da filasta irin ta asibiti, ta ɗaure ɗan tsinin da na fizge, ta rataye shi a reshen tumfafiyar ta gefen inuwa. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba. Gwaggo ta koma da kayanta bayan kwana biyu, amma kullum sai ta kira daga Kano ta ce, "Ya mai naƙuda? An sauka?"

A kwana na biyar koren ya yi duhu, ina hango ruwan goro ta cikin fatar kamar hasken wuta ta bayan zana. Washegari da hantsi ya fito, ina zaune a gabansa. Ya rataya yana miƙa, yadda na gani a waya. Fiffiken dama ya buɗe sumul, har da ɗigon. Na hagu ya tsaya a cukurkuɗe kamar zanen da ya shekara a ƙasan akwati. Na jira har rana ta take tsaka, bai miƙe ba. Ko fizgata ce, ko jifar gwaggo, ko haka aka rubuta masa, Allah ne masani. Ya yunƙura zai tashi, ya faɗo ƙasa yana juyi wuri ɗaya.

Na miƙa masa yatsa ya hau, ba nauyi ko kaɗan. Na shigo da shi ɗaki na sa shi a faifai kusa da taga. Ban ga fuskar kowa ba ranar, ban ma nema ba.

Auta ta dama zuma da ruwa a cokalin shayi. Ta nuna mini bakinsa, wani zare ne a nannaɗe, ta sa tsinken sakace ta warware shi a hankali ta tsoma a ruwan. Ya sha. Da za ta fita aiki washegari ta bar mini cokalin da tsinken.

Ina zaune a bakin gado, faifai a cinya, cokali a hannu. Ruwan zuman ya ɗiga a faifai. Na ce, "Sannu, a hankali, ba sauri muke ba." Da na ji maganar a bakina sai na san wanda na saba faɗa wa ita.

Mai gidana ba a gona ya rasu yana dariya ba. Ɓarin jikinsa ne ya shanye, na hagu, wata uku yana kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni nake ba shi kunu da cokali. Ban saba faɗin wannan ba. Tun da aka binne shi, duk lokacin da kwanakin nan suka taso mini sai in kau da kai, in ce ba haka nake so in tuna shi ba. Na yi ta korar wannan fuskar kamar kaza daga shanyar hatsi, ban san in ta tafi da 'yar'uwarta mai dariyar za ta tafi ba.

Fuskar jinyar ce ta zo mini ranar, cikakkiya, ba yanki-yanki ba. Ban kau da kai ba. Na ƙarasa ba ɗan baƙona zumarsa ina kallon mijina.

Kwana huɗu ya yi a faifai. A na biyar na tarar ya kwanta gefe, ƙafafu a naɗe. Na tona yashin bokitin da cokalin na rufe shi, na zauna ina tsoron fuskar za ta tafi tare da shi. Na yi azahar tana nan, na yi la'asar tana nan. Yau kwana ashirin ke nan.

Mai dariyar bai dawo ba tukuna. Ina son sa, ba zan ɓoye ba, kullum sai na fita baranda, ganyen ne dai na daina juyawa. Amma wadda ke hannuna ba zan yi sakaci da ita ba, don yanzu ban yarda da kaina ba. Shi ya sa nake so a sa ta a takarda, in ta sake gudu a karanta mini.

Rubuta. Ya rame har ƙashin kumatunsa ya fito. Gemun ya yi fari fat, ni nake rage masa da almakashi, ban iya ba, gefe ɗaya ya fi tsawo. Bakinsa ya karkace ya sauka ta hagu, kunun yakan zubo ta nan, in tare da cokali in mayar. Idon hagu a lumshe yake yana ruwa. Na dama kuwa garau, kuma ba ya barin fuskata, in na tashi ɗebo ruwa ya raka ni har ƙofa ya jira ni a can. Akwai ɗan tabo a saman girarsa, inda ƙahon bijimi ya taɓa shi yana saurayi. Yana jin kunyar yadda ya koma, in kunu ya zubo sai ya runtse mai lafiyar ma.

Rubuta wannan kuma. Wata safiya cokalin ya kuɓuce mini, kunu ya zuba a bayan hannuna da zafinsa. A lokacin magana ta riga ta ƙi masa. Ya ɗago hannunsa mai lafiya da ƙyar, ya kamo bakin bargonsa ya goge mini, ya sake gogewa, ya daɗe yana gogewa bayan kunun ya fita.